Tsagar Kankare Ba Walƙiya Ba Ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatanku, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba. Ni a wurina ya kai har ya wuce.

A fitowarku ta makon jiya kun buga rahoto a kan gine-ginen da ke rushewa da damina, kuka haɗa shi da zanen wani bene mai tsaga a jiki. Rahoton ya yi ma'ana, Allah ya saka wa wanda ya rubuta shi. Mai zanen ma yana da hannu, tagoginsa sun zauna daram, inuwar barandar ta faɗi inda ya kamata. Tsagar ce ta hana ni ajiye jaridar. Ta taso daga rufi har ƙasa, ta karya dama ta karya hagu, kowace karya tsawonta ɗaya da 'yar'uwarta, kaurinta ɗaya tun daga sama har gindi, kamar walƙiyar da yara ke zanawa a bangon littafi. Shekara 32 na yi ina koyar da zane a makarantun sakandare, kafin nan kuma na ɗauki kwanon siminti a bayan mahaifina, wanda birkila ne, amma ban taɓa ganin kankare ya tsage haka ba.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka ba Baba, Allah ya jiƙansa, aikin daɓen wani shago a nan Zariya. Tsakiyar hunturu ne, iskar nan mai fasa leɓe tana kaɗawa tun asuba. Muka zuba kankare da hantsi, ya bi da katako ya baje, ya shafe da cokali har yana ƙyalli. Da zai tafi sallar azahar ya ce in jiƙa buhunan siminti in lulluɓe daɓen da zarar ya ɗan kama. Na ga abokaina suna ƙwallo a fili, na ce bari in taɓa kaɗan in dawo. Ko da na dawo, saman daɓen ya yi fari fat, ga 'yan tsage-tsage gajeru sun jeru a karkace, kusa da juna, kowace ba ta fi kamu ɗaya ba, babu wadda ta kai bakin bango. Na tsaya ina jiran bulala. Baba bai ce mini komai ba. Ya tsuguna, ya zaro tsinken tsintsiya, ya zura a ɗaya daga ciki. Tsinken bai shiga ya kai tsawon farce ba ya tsaya.

"Zo nan, ɗan nan," in ji shi. "Iska ce ta shanye ruwan sama kafin na ƙasa ya taso. Fata ce ta ja, naman yana nan lafiya."

Sai ya kama hannuna muka zaga bayan wani gida da ke makwabtaka. Ya nuna mini wata tsaga guda ɗaya tak, ta taso daga kusurwar taga ta haura a karkace. Ya ciro kwabo daga aljihu ya tura a can sama, kwabon ya shige. Ya gwada a ƙasa kusa da tagar, ko bakinsa bai shiga ba. Ya ce: "Wannan ita ake jin tsoro. Ƙasa ce ta zauna a ƙarƙashin wancan gefen, gida yana bin ta. Kowace tsaga da uwarta. Ka nemo uwar kafin ka taɓa 'yar."

Wannan maganar ita na koyar shekara 32, sai dai da fensir maimakon cokali.

Kankare, wato siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, gwani ne wajen ɗaukar danni. Ka ɗora masa nauyi, zai ɗauka. Amma in aka ja shi, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake sa masa rodi, ƙarfe ya riƙe ja, kankare ya riƙe danni. To duk inda ka ga tsaga, wani abu ne ya ja shi a wurin, kuma tsagar takan gitta wa jan ne, kamar yadda in ka ja ƙyalle hagu da dama yake yagewa daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya yi rabin zanen. Bim, wato dogon kankaren nan da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗauke da nauyin sama, in nauyi ya lanƙwasa shi, cikinsa na ƙasa ne ke miƙewa, don haka tsagarsa daga ƙasa take farawa, a tsakiya, bakinta a buɗe, tana haurawa tana sirancewa har ta ɓace kafin ta kai sama. In ka matsa kusa da ginshiƙi sai ka ga ta kwanta a karkace. A katangar bulo kuwa, inci shida ne ko inci tara, sau da yawa ba ta fasa bulon, sai ta bi layin kwaɓin da ke tsakani, ta yi hawa-hawa kamar matakalar bene, domin nan ne ya fi rauni. Tsaga ba ta son wahala. Hanyar da ta fi sauƙi take bi, shi ya sa take son kusurwar taga da ta ƙofa.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren kankare ruwa ne. Da ya sami kafa sai ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri ninki-ba-ninki, sai ta riƙa tura kankaren daga ciki. Irin wannan tsagar a miƙe take kamar an sa mata igiya, domin rodin take bi, da jan ruwa yana tsiyaya a ƙarƙashinta, daga baya ɓallin kankare ya faɗo a ga ƙarfen tsirara. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a ƙarƙashin tsohuwar baranda ko a banɗakin bene ya san ta.

Yanzu ga yadda nake koya wa ɗalibaina, ko wani matashi mai sha'awar zane zai ƙaru.

Kada ka fara da tsagar, fara da kankaren. Farar takarda sumul ba ta iya tsagewa, dole sai ido ya yarda cewa abin da yake kallo abu ne mai tauri da kaushi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shimfiɗa takardarka a kan daɓe mai ɗan kaushi, ka kwantar da fensir HB ka goga a hankali, ƙwayar daɓen za ta fito da kanta. Ka ɗan murza da auduga, amma kada ka shafe ta duka. Sannan ka ɗiga 'yan ramukan nan na iska da ke fitowa a jikin kankare, wasu a cunkushe, wasu a warwatse, ba a jere kamar shuka ba. In ginshiƙi ne ko bim, ka tuna da katakon da kafinta ya kafa aka zuba a ciki, yakan bar shatarsa da layin mahaɗinsa.

Daga nan ka yanke shawarar inda haske ke fitowa. Nakan sa su zana 'yar kibiya a kusurwar takarda, in ce ga ranarku nan, kada ta motsa sai kun gama.

Sai layin farko, da fensir mai tauri, siriri kamar gashi. Riƙe fensirin daga can wutsiyarsa, kana tafiya kana juya shi tsakanin babban yatsa da manuni, don kada hannunka ya mallaki layin gaba ɗaya. Hannun ɗan Adam yana son maimaita abu, in ya karya sau ɗaya sai ya so ya sake karyawa daidai haka, kuma nan ne walƙiya ke shigowa. Tsaga ta gaskiya tana da alƙibla. Takan miƙe na ɗan lokaci, ta ci karo da ƙwayar tsakuwa, ta zagaye ta domin tsakuwar ta fi kwaɓin da ke riƙe da ita ƙarfi, sannan ta koma kan hanyarta. Wani wurin ta yi doguwar tafiya ba gargada, wani wurin ta yi rawa sau uku cikin tsawon yatsa. Wani lokaci ma takan mutu, wata ta tashi a gefenta kaɗan ta ci gaba, su ɗan wuce juna ba su haɗu ba.

Sai ka fere fensir mai taushi da baƙi sosai, wato 4B ko 6B, da reza ya yi tsini, ka shiga baƙaƙawa. Ba ko'ina ba. Ka danna inda ta buɗe, ka sassauta inda ta matse, bakin ƙarshenta kuma ka bar shi ya sirance har mai kallo ya rasa inda ta tsaya. Ka tuna leɓɓa biyu gare ta, kuma dā abu guda ne. Kamar fasasshiyar ƙwarya, in wannan gefen ya yi ƙozo, wancan dole ya yi loko daidai da shi, yadda in da za a matse su za su haɗe. Ɗalibai da yawa sukan zana leɓɓan kamar ba su taɓa sanin juna ba, sai abin ya fito kamar kogi a taswira.

Abin da ke tayar da zanen daga kwance shi ne farin layi. Ka yanke abin goge fensir da reza ya yi kaifi, ka ɗauke wani siririn haske a leɓen da ke nesa da rana. Na nesa, ba na kusa ba. In haske daga hagu yake zuwa, bangon ramin na hagu yana cikin inuwa, na dama ne rana ke dukansa. In ka juya wannan, tsagarka za ta kumburo ta zama jijiya ko igiyar da aka manna a bango. Nakan sa yaro ya juya takardarsa ƙasa ta koma sama ya duba, sai ka ji ya ce, "Malam, ta taso!" Daga ranar ba ya sake mantawa.

Rassa kuma a yi su da rowa. Ka je bakin kududdufi da rani ka kalli busasshiyar laka. Sabuwar tsaga in ta zo ta tarar da tsohuwa, takan lanƙwaso ta same ta a tsaye, ta tsaya nan, domin tsohuwar ta riga ta saki jan da ke wurin. Ba kasafai tsaga ke tsallake tsaga ba. A irin waɗannan mahaɗai ne ƙananan ɓalli ke ɓarewa, masu kusurwa uku, kowanne da 'yar inuwarsa. Biyu ko uku sun isa.

Sannan ka tambayi kanka shekarunta. Sabuwar tsaga bakinta da kaifi, cikinta fes, launinta ya fi na fuskar bangon haske. Tsohuwa bakinta ya dakushe, ƙura ta cika ta, gizo-gizo ya yi saƙa, ruwan sama ya ja baƙin zane a ƙarƙashinta, wani wurin farin gishiri-gishiri ya feso, wani wurin gansakuka, tururuwa na shiga suna fita, har ka ga ɗan tsiron cediya ya leƙo. Duk wannan ba a samunsa a ka, sai an je gindin bango an zauna. A je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke shafar bangon daga gefe, kowane ɗan tudu ya yi inuwa. Hasken da ya doki bango gaba da gaba yakan ɓoye rabin abin da ke jikinsa.

Na san yaran yanzu a waya da kwamfuta suke zane, kuma ban ƙi ba, jikana ma haka yake yi. Abin da ke damuna shi ne hotunan tsaga da suke saukewa daga intanet su liƙa. Da yawansu daga ƙasashen sanyi ne, inda ruwa ke shiga kankare ya daskare, ya ƙara girma da kusan kashi tara cikin ɗari, ya ɓarke fuskar, ga kuma gishirin da suke watsawa a titi saboda ƙanƙara. Mu ba wannan ne ciwonmu ba. Namu zafin bazara ne, da iskar hunturu, da lebura da ke ƙara ruwa a kwaɓi don shebur ya yi sauƙi, da yashi mai haɗe da ƙasa, da mai gini da ke ganin ban-ruwa na kwana bakwai ɓarnar kuɗi ce, alhali sai a kwana 28 ake auna ƙarfin kankare. A wajen Numan da yankin Tafkin Chadi kuma ga baƙar ƙasar nan mai kumbura da damina ta tsuke da rani, tana ɗaga gida tana sauke shi. Bangonmu da irin tasa fuskar. A nan garin ne a 1958 wasu ɗalibai, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna cewa mai zane ya ɗebo daga abin da ke ƙasarsa. Ni ina ganin maganar tasu ta kai har kan tsagar bango.

Kuma kada a ɗauka ƙaramin fanni ne. A 2007 wata mai fasaha 'yar Kolombiya, Doris Salcedo, ta yi tsaga mai tsawon mita 167 a daɓen kankaren babban zauren Tate Modern, gidan baje kolin ayyukan fasaha da ke Landan. Ta fara siririya kamar gashi, ta yi ta buɗewa har ƙafar mutum na iya faɗawa. Jama'a suka yi ta tururuwa don kallon tsaga kawai. Da aka cike ta, tabon ya zauna a daɓen.

Amma ba don ado kaɗai na ɗauki alƙalami ba, Malam Edita. Wata shekara na ba 'yan aji biyar aikin gida, na ce kowa ya nemi tsaga ɗaya a gidansu, ya ajiye tsabar kuɗi a gefenta don a san girmanta, ya zana abin da ya gani. Su fiye da arba'in ne. Mafi yawa walƙiya suka kawo mini, na san a ɗaki suka zauna suka ƙirƙiro. Wata yarinya mai shiru-shiru da ke zama a layin baya ta miƙo tata. Ba ta fi kowa iya inuwa ba, amma ta kalli abin da ta zana. Ƙarƙashin bim ne, kusa da inda ya hau ginshiƙi, tsaga ta haura a karkace, bakinta fari tas, leɓe ɗaya ya ɗan sauka ƙasa da ɗayan. A can ƙasan takardar kuma ta zana ɗan tulin gari a kan daɓe.

Na ce, "'Yata, wannan garin ke kika ƙara don ya yi kyau?"

Ta ce, "A'a Malam. Kullum da safe sai na share shi, washegari in tarar ya dawo."

Gabana ya faɗi. Aka tashi daga makaranta na bi ta har gida, na yi sallama da mahaifinta. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ni malamin zane ne, ba injiniya ba, amma ɗan birkila ne ni. Don Allah a ba ni izini in ga ɗakin nan." Ashe shekara biyu kafin nan an ɗora wa gidan hawa ɗaya a kan ginin da ba a yi shi don ya ɗauki bene ba, kuma a ƙarƙashin wannan bim ɗin yara huɗu ke kwana. Alhaji ya ce ai birkila ya duba ya ce a shafe da filasta. Na roƙe shi da girman Allah ya kira injiniya, kuma kafin nan yaran su koma wani ɗaki. Allah ya sa ya ji. Injiniyan da ya zo bai bar gidan ba sai da aka kafa tokara a ƙarƙashin bim ɗin a ranar, daga baya aka yi gyara na sosai. Zanen yarinyar yana cikin akwatina har yau.

Da ta zana walƙiya kamar sauran, da na ba ta maki na wuce.

Shi ya sa zanen jarida ba abin wasa ba ne. Mutum dubu nawa ne za su ga hoton nan ba su karanta rahoton ba? Abin da zai zauna musu a rai shi ne gini mai haɗari yana da ƙatuwar tsaga daga sama har ƙasa. Su koma gida su ga tasu 'yar siririya ce a karkace a gefen ginshiƙi, su ce ai tamu ba ta kai ta jarida ba. Wani kuma ya hana kansa barci saboda 'yan zane-zanen filasta masu kama da saƙar gizo, waɗanda ba su wuce fata ba. Ƙa'idojin Ingila da na Turai da injiniyoyinmu ke aiki da su sun sa iyakar faɗin tsaga a yawancin kankare mai rodi a wajen milimita 0.3, kaurin takarda uku ke nan in an haɗa. Ba mu manta da benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a Nuwamban 2021 ba, ko makarantar da ta faɗa wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024, inda rai 22 suka salwanta. Al'ummar da ta ga irin wannan ta cancanci a nuna mata tsaga yadda take.

Baba yana da wata dabara da kowa zai iya yi a gidansa. Yakan ja ɗan layi da fensir a daidai inda tsaga ta tsaya, ya rubuta kwanan wata a gefe, ya kuma shafa ɗan kwaɓi siriri ya gitta ta. In bayan wata ɗaya ta wuce layin, ko kwaɓin ya dare, to tana da rai, a nemo masani tun da wuri. In damina ta zo ta wuce ba ta motsa ba, ta mutu, a cike ta don ruwa. Wannan ma zane ne, kuma da fensirin da ɗan firamare ke riƙewa ake yinsa.

Roƙona gare ku biyu ne. Ku ba mai zanenku yini guda, ku haɗa shi da injiniya ko tsohon birkila su zaga gari, ya zana tsaga huɗu ko biyar daga jikin bango na gaskiya, ku buga su da girma da bayanin kowace a ƙarƙashinta da Hausa, kafin ruwan Agusta ya kankama. Malamai 'yan'uwana kuma da har yanzu ke riƙe da alli, ku daina zana wa yara abu a allo kuna cewa su kwafa. Katangar makarantar tana nan a waje, ku fitar da su.

In mai zanen naku yana biyowa ta Zariya, ƙofata a buɗe take. Akwai wata tsaga a katangar bayan gidana da na sa wa layi tun watan Maris, zan nuna masa, mu zauna da la'asar mu zana ta tare. Fensir da takarda ina da su.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin zane,
Tudun Wada, Zariya.